Wasiƙar Godiya Ga Shagon Kayan Farauta Na Sabon Gari Da Ya Zaɓa Mini Bindiga Daidai Ƙarfina

Zuwa ga Alhaji, mai shagon kayan farauta da gyaran bindigogi da ke Sabon Gari, Zariya, tare da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da dukkan abokan aikinku.

Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a idon jama'a ne saboda bashin godiya da ya daɗe a wuyana, kuma Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Na sha yi muku godiya baki da baki, amma na ga bai wadatar ba, domin abin da kuka yi mini ya shafi duk wani manomi ko maharbi mai ƙaramin ƙarfi da ke tunanin mallakar bindigar farauta ta hanyar da doka ta yarda. Na shigo shagonku da niyyar kashe kuɗi mai yawa, kuka hana ni, kuka sayar mini da abin da ya fi araha a cikin kayanku, alhali kun san ribarku ce za ta ragu. Yau fiye da shekara goma ke nan, kuma kowace damina sai na ƙara ganin gaskiyar shawararku.

Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma ina da gona a gefen kogin Galma wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. A daminar 2012 jan biri ya yi mini ɓarna a masara har na rasa kusan rabin abin da na sa rai, ga zomaye da gafiyoyi a cikin wake da gyaɗa. Mahaifina maharbi ne, da adaka ya yi zamaninsa, kuma tun ina yaro na san ɗura albarushi da matse shi, na kuma san irin raunin da adaka ke yi wa mai ita idan bututunta ya gaji ya fashe. Saboda haka da kuɗin sallamata suka fito, sai na ƙudurta cewa ƙirar kamfani zan saya. Wani abokina tsohon soja ya ba ni shawarar in nemi raifil, ya ce ita ce bindigar da ke cin nesa, da wannan magana kuwa na shigo wurinku.

Ban manta yadda kuka karɓe ni ba. Kafin ku nuna mini ko da bindiga ɗaya, sai da kuka sa aka kawo mini kujera da ruwa, sannan kuka ce, "Malam, me za ka harba, daga wane nisa, kuma mene ne a bayan abin da za ka harba?" Na ba da amsar tambayoyin farko guda biyu nan take, amma ta ukun ta sa na yi shiru, domin bayan gonata akwai rugar Fulani, akwai hanyar da mata ke bi zuwa ɗebo ruwa, ga kuma masu noman rani a fadama tun daga asuba har faɗuwar rana.

A nan ne kuka yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Kun nuna mini cewa cikin bututun raifil akwai tsage-tsage masu murɗewa da ke sa harsashi guda ɗaya ya fita yana juyawa, shi ya sa yake tafiya a miƙe kuma yake cin nesa, har ma ƙaramin harsashin nan na .22 yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi idan ya kuskure abin da aka saita. Ita kuwa bindigar maharba mai santsin ciki ƙwayoyin dalma take watsawa, amfaninta bai cika wuce mita 35 zuwa 40 ba, daga nan ƙarfinsu sai ya riƙa raguwa da sauri. Kun ce raifil mai cin harsashi ɗaya bindiga ce mai kyau da araha a ƙasashen da ake farautar manyan namun daji a fili mai faɗi, har kuka ba ni misali da Handi-Rifle ta kamfanin Harrington & Richardson na Amurka da kuma ƙirar Rossi ta Brazil, amma kuka ƙara da cewa gonar da ke tsakiyar jama'a ba wurinta ba ne, kuma harsashinta ma neman sa wahala ne a nan. Kalmar da kuka rufe da ita ita ce, bindigar da ba a samun abincinta sanda ce mai tsada.

Daga nan kuka shiga maganar doka, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da ya bambanta ku da masu sayar da kaya a bayan fage. Kun bayyana mini cewa dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da fistol da raifil masu girman baki irin na soja kamar 7.62 da .303, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. Akwai na amfanin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu da raifil ɗin farauta, waɗanda lasisinsu ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma masu ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kun kuma faɗa mini cewa ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Na fito da kuɗi domin in ba da kafin alƙalami, kuka mayar mini da su cikin ladabi, kuka ce in je in kammala takarduna tukuna, bindiga ba za ta gudu ba. Na yi watanni ina bin matakan, kuma duk lokacin da wani abu ya shige mini duhu a cikin takardun, babban yaronku ne ke zama da ni ya fayyace mini, ba tare da ya nemi ko sisin kwabo ba.

Ranar da na dawo da lasisina, zuciyata ta karkata ga wata mai baki biyu da ke rataye a bango, mai ƙyalli da zane a jikin ƙarfenta, wadda kuɗinta ya ninka na mai baki ɗaya kusan sau uku. Kuɗin suna aljihuna, kuma kun san da haka. Duk da hakan sai kuka sauko da wata Baikal mai baki ɗaya, ƙirar garin Izhevsk na ƙasar Rasha, samfurin IZH-18 da aka fara ƙerawa tun shekarun 1960, kuka ajiye ta kusa da waccan, kuka ce in riƙe kowacce in ji. Na ce muku ai araha ba ta ado. Kuka amsa da cewa arahar wannan ba daga rashin inganci ta fito ba, daga ƙarancin kayan cikinta ne: bututu ɗaya, kunama ɗaya, allura ɗaya mai bugun gindin harsashi, ba ta da wani injin da ke ɗura mata na biyu, saboda haka abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne, kuma duk wanda ya lalace mai gyara zai iya musanya shi. Nauyinta bai kai kilo uku ba, wanda ke yawo a ƙafa tun daga hantsi har la'asar kuwa ya san darajar wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ko da yake sabuwa ce, sai da kuka koya mini yadda ake duba bindiga kamar ta hannu zan saya. Kun karya ta, kuka ɗaga bututun ya fuskanci haske, kuka ce in leƙa in tabbatar babu tsatsa, babu rami, babu kumburi ko lotsawa. Kun rufe ta, kuka girgiza, kuka ce idan na ji motsi ko ƙara a mahaɗar bututu da jiki, to ta saki, in bar ta komai arharta. Kun nuna mini lambar da aka buga a jikinta, wadda dole ta yi daidai da ta cikin lasisi, da tambarin gwaji da ke shaida cewa an jarraba bututun da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi kafin ya bar masana'anta. Sannan kuka sa na ɗora ta a kafaɗa ido a rufe, na buɗe ido in ga ko saiti ya zo daidai da kallona, domin a cewarku bindiga kamar takalmi ce, wadda ta zauna wa wani ba lalle ta zauna maka ba.

Darasin harsashi ma ban manta da shi ba. Kun zaɓa mini lamba 12 saboda ita ce aka fi samun harsashinta a ƙasar nan, kuka kuma fahimtar da ni cewa a wannan lissafi ƙaramar lamba ita ce mai faɗin baki, wato 12 ta fi 16 da 20. Haka ƙwayoyin ciki, lamba 6 ƙanana ne da suka dace da fakara da zomo, lamba 4 ta fi su girma, ta kuma fi dacewa da zabon daji. Gargaɗi biyu kuka nanata mini har sau uku: kada in sa harsashi mai tsawon milimita 76 a bindigar da aka rubuta wa 70, kuma kada harsashin lamba 20 ya taɓa shiga aljihu ɗaya da na lamba 12, domin yana iya zamewa ya maƙale a cikin bututu, a ɗura wani a bayansa, bututun ya fashe a hannun mai shi.

Ba zan ce mai baki ɗaya ba ta da naƙasu ba, ku ma ba ku ɓoye mini ba. Rashin nauyinta yana sa ta daki kafaɗa sosai, kuma idan garken zabi ya tashi ka kuskure, kafin ka karya ta ka ɗura wani sun yi nisa. Sai dai wannan naƙasun shi ne ya gyara mini hali a daji. Wanda ya san harbi ɗaya gare shi ba ya ɗaga bindiga sai ya ga abin da zai harba da idonsa sarai, ba ya harbin motsin ciyawa, ba ya kuma harbi daga nesa da fatan sa'a. A duk shekarun nan ban taɓa raunata mutum ko dabbar wani ba, alhamdu lillahi, kuma kwalin harsashi ɗaya kan ɗauke ni lokaci mai tsawo. Birai kuwa yawanci ƙara ɗaya ta ishe su su ƙaurace wa gona na kwanaki. Na riƙe shawararku ta barin zabi da fakara a lokacin da suke kwanci da damina, da ta nisantar gandun da doka ta hana farauta a cikinsa, irin na Kamuku da ke Birnin Gwari. Ragowar kuɗin da kuka hana ni zubawa a mai baki biyu, da su na sayi injin ban ruwa da akwatin ƙarfe mai makulli da nake ajiye bindigar, harsashi kuma a wani wuri dabam inda jikoki ba sa kaiwa.

Abin da ya tayar mini da wannan rubutu shi ne zuwana na watan jiya. Bindigar ta fara ƙin tashi jefi-jefi, na kawo ta ina tsammanin za a ce ta tsufa. Yaronku bai taɓa ta ba sai da ya ga lasisina ya gwada lambar da ke ciki da ta jikinta, ko da yake ya san ni shekara da shekaru. Ya buɗe ya tarar sifirin ɗin allura ne ya saki, ya sa sabo, ya wanke ta ya shafa mai, kuma abin da ya karɓa bai kai kuɗin motar da na kashe zuwa da komawa ba. A ranar ina tare da ɗan ƙanena, wanda ya zo da kuɗinsa yana son irin tawa. Kun gaya masa gaskiya cewa tun 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, kuma ku ba ku sayar wa wanda ba shi da takarda, ko ɗan wane ne. Da ya ce an yi masa tayin wata a ɓoye, kun zaunar da shi kamar yadda kuka zaunar da ni a da, kuka nuna masa cewa bindigar da ba a san asalinta ba tana iya zama wadda aka yi ta'asa da ita, kuma a hannun wanda aka same ta laifin ke sauka. Ya fita da raga da tarkon gafiya, kuɗinsa kuma ya mayar da su cikin taki.

Alhaji, ina roƙon Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ba ku lafiya da nisan kwana, ya kuma sa yaran da kuka horar su riƙe wannan amana bayanku. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga babban yaronku da ya yi ta ɗawainiya da takarduna, da kuma ƙaramin da ya gyara mini sifirin. In Allah ya kai mu kaka, zan shigo da kaina da buhun sabuwar masara daga gonar da kuka taimaka aka tsare.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Tsohon malamin firamare kuma manomi,
Tudun Wada, Zariya.