Gwajin DNA da Tambayar Asalin Bahaushe

Mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in yi tsokaci kan gwajin ƙwayar halitta na DNA da wasu ke yi domin gano asalinsu. Ɗan wana da ke karatu a Ingila ya tofa yawu cikin 'yar kwalba ya aika wa wani kamfani, da sakamakon ya iso wayarsa sai ya tarar da kaso-kaso na yankunan Afirka, babu Bagadaza balle Bayajida, har ransa ya ɓaci.

Kamfanonin nan suna kwatanta mutum ne da waɗanda ke raye a yau, kuma mafi yawan samfuran da suka tara na Turawa ne. Wanda ya koma baya zuriya 10 zai iya ƙirga kakanni 1,024, amma gwajin da ke bin tsatson uba, kaka ɗaya tak yake bi daga cikinsu.

Duk da haka akwai abin dubawa, domin binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna wani tsatson uba da ake kira R1b-V88 ya yawaita tsakanin masu harsunan Cadi, dangin da Hausa ke ciki, kuma tsatson ya girmi labarin rijiyar Kusugu da dubban shekaru.

Wassalam,
Mai karatu daga Daura