A ba labaran bincike na ƙagaggun duniyoyi fili a shafin adabi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani reshe na ƙagaggun labaran kimiyya da marubutanmu ba su cika waiwayarsa ba, wato labarin da ake yin kisa a cikin wata al'umma da marubuci ya ƙirƙiro da dokokinta da al'adunta, sannan a ɗora wa ɗan sandan ciki nauyin gano wanda ya yi aika-aikar.

An daɗe ana ganin irin wannan labari ba zai yi armashi ba. Hujjar masu wannan ra'ayi, cikinsu har da John W. Campbell, fitaccen editan mujallar labaran kimiyya a Amurka, ita ce wanda ya ƙagi duniya da hannunsa yana iya fito da wata na'ura a shafin ƙarshe ta warware komai, mai karatu ya tashi a tutar babu. Marubucin Amurka Isaac Asimov ya mayar da martani da littafinsa The Caves of Steel na 1954, inda ya fara shimfiɗa wa mai karatu dokokin duniyar tun daga farko, musamman dokar da ta hana mutum-mutumi, wato na'ura mai aiki kamar mutum, cutar da ɗan'adam, kuma bai karya ko ɗaya daga cikinsu ba har ƙarshen binciken.

Na fi ganin gwanintarsa a littafin da ya biyo baya, The Naked Sun na 1957. A Solaria, wata duniya da ya ƙaga a can sararin samaniya, mutane 20,000 kacal ke zaune, kowa a cikin makekiyar gonarsa, kowane mutum ɗaya yana da mutum-mutumi 10,000 masu yi masa hidima. Mutanen wannan wuri suna ƙyamar haɗuwa ido da ido har ta kai ga kusantar wani ya zama abin kunya da tashin zuciya, saboda haka ta hoton na'ura kawai suke ganawa. Sai aka wayi gari an fasa kan wani mutum a gidansa, ba a ga makami ba, kuma babu ɗan'adam a kusa sai matarsa. Ɗan sandan da aka ɗauko daga doron ƙasa, Elijah Baley, shi ma yana da tasa larurar, domin a rufaffen birni ya tashi, ganin sararin sama kaɗai yana sa shi jiri. Tambayar wane ne ya yi kisan ba ta amsuwa sai an fahimci yadda mutanen Solaria suke aure, yadda suke renon 'ya'ya da abin da suke tsoro, kuma a ganina wannan shi ne ƙashin bayan irin waɗannan labarai: al'adar da aka ƙirƙira ita ce shaida, ita ce kuma ke ɓoye mai laifi.

A 2009 marubucin Ingila China Miéville ya bi wannan hanya a The City & the City, inda birane biyu suke zaune a kan ƙasa guda, doka kuma ta tilasta wa mazauna kowanne su kauda kai daga ɗayan kamar ba su gan shi ba. Mai bincike a irin wannan wuri yana fama da shaidun da aka horar tun suna yara kada su ga abin da ke gabansu.

Mu ma ba baƙi ba ne a fagen labarin kimiyya, domin tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro Kilba sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Abin da ke damuna shi ne yadda muka bar wannan tafarki ya cika da ciyawa, alhali marubutanmu sun ƙware wajen nuna yadda kunya da biyayya ga manya ke sa mutum ya yi shiru a kan abin da ya sani, wanda shi ne ainihin abin da wannan salo ke buƙata.

Saboda haka nake roƙon ka da ku ware wani gurbi a shafin adabi, ko sau ɗaya a wata ne, domin sharhin irin waɗannan littattafai da Hausa, ku kuma gayyaci matasan marubuta su aiko da gajerun labarai a wannan salo, bisa sharaɗin duk dokar da marubuci ya kafa wa duniyarsa a farkon labari ya riƙe ta har zuwa ƙarshensa.

Wassalam.
Mai karatunku daga Zariya.