A Daina Yi Wa Ma'aikata Bulala Da Kalmar Haƙuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka tashi maganar ma'aikata, albashi ake ambata, kuma ba laifi, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma akwai wani abu da ke cinye ma'aikatanmu a nan Gombe, wato matsin aiki ba hutu, wanda ko an ninka albashi ba zai tafi ba, kuma ni mai wannan takarda ina cikin waɗanda suka taɓa hura wutarsa.

Shekara tara na yi ina mataimakin shugaba a wata makaranta mai zaman kanta a cikin garin nan. Ba zan faɗi sunanta ba, domin abin da zan bayyana ba ita kaɗai ke yin sa ba. A cikin malamanmu akwai wata baiwar Allah da ke riƙe da aji huɗu na firamare. Ita ce abin nunawarmu: in baƙi suka zo, ajinta muke kai su. Daga Tumfure take tasowa, ƙarfe bakwai tana bakin ƙofa. A tashi ƙarfe biyu, ta shiga darasin yamma har huɗu. Da malamin Turanci ya bar aiki, ba mu ɗauki wani ba, muka ɗora mata azuzuwansa biyu da sunan "kafin a samu wani". Shekara biyu ba a samu wanin ba, don ba a nema ba. Asabar akwai taron malamai ko na iyaye. Littattafan yara kuwa a jaka take kwasa zuwa gida, ta gama girki da wankin yaranta, sannan ta zauna maki da fitilar waya. Ni kuma ƙarfe goma na dare in tura saƙo a zauren WhatsApp na malamai cewa gobe da safe ina son ganin tsarin darasin mako, in zauna ina duba wanda ya karanta bai amsa ba.

A hankali matar nan ta sauya. Wadda ba ta taɓa ɗaga wa yaro murya ba ta koma tsawa. Ta fara manta sunayen ɗalibanta. Sau biyu ta haɗa sakamakon jarrabawa da kuskure. Wata rana na leƙa ajin na same ta zaune tana kallon allo, alli a hannu, yara suna ta hayaniya kamar ba ta wurin. Ka san me na yi, Edita? Takardar tuhuma na rubuta mata, wadda muke ce wa kweri, na ba ta awa ashirin da huɗu ta yi bayanin sakacinta. Ta amsa da layi biyu, tana ba da haƙuri.

A ɗakin malamai kowa da fassararsa. Wasu suka ce matsalar gida ce, wasu suka ce sammu ne saboda an ga tana gaba, wasu suka ce iska ce. Danginta suka kai ta aka yi mata ruƙiyya, ta sha rubutu, ta yi hayaƙi. Ban raina addu'a ba, Allah ya kiyashe ni, amma ranar Litinin sai ta dawo ta tarar da azuzuwa ukun nan suna jiran ta. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a taron safe cikin zafin watan Afrilu aka kai ta asibiti. Likita ya auna ya ce jininta ya hau, mace ko talatin da biyar ba ta kai ba. Tambayar da ya yi mata, wadda mu da muke tare da ita kullum ba mu taɓa yi ba, ita ce: awa nawa kike barci?

Daga baya ne na gane abin yana da suna. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na rarrabe cututtuka, sai dai ba ta kira shi cuta ba. Ta ce yanayi ne da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a magance shi ba. Alamunsa uku: ƙarfi ya ƙare ƙaf, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, sannan ƙwarewar da aka san shi da ita ta ja baya. Sai ka ce malamarmu suka kalla suka rubuta. Kalmar da Turawa ke kiran sa da ita, wato burnout, tana nufin ƙonewa ƙurmus, ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai fitilar ƙwai ce: idan kananzir ya ƙare ba a ƙara ba, lagwanin ne ke ci, haske ya ragu, hayaƙi ya yi yawa, mai ɗaki kuma ya hau zagin fitila. Abin lura a nan, hukumar a wurin aiki ta ajiye tushen matsalar, ba a raunin imanin ma'aikaci ko lalacinsa ba. Kuma abin ba ya tsayawa a gajiya. A 2021 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Duk wanda ya san ma'aikaciyar gidan mai, ko yaron shagon magani, ko mai tallar asusu a banki da aka ɗora wa adadin kuɗin da zai kawo kowane wata, ya lissafa awoyinsu da kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin da muke rufe bakin mutane da su. Mai makarantarmu, wanda kowa ke kira Baba, mutumin kirki ne a mu'amala. In an yi maka haihuwa zai aiko da shinkafa, in an yi maka rasuwa shi ne a sahun gaba. Kullum maganarsa ita ce, "Nan gida ne, dukkanmu 'yan uwa ne." Daɗin ji gare ta, amma na lura ba ta fitowa sai lokacin da wani ya tambayi haƙƙinsa. Ka nemi takardar ɗaukar aiki, a ce haba, tsakanin uba da ɗa har sai an yi rubutu? Ka tambayi kuɗin ƙarin lokaci, a ce wa ke biyan ɗa don ya share tsakar gidansu? Ranar da za a sallame ka kuwa, babu wanda ke tuna gidan. In wannan ba ta yi aiki ba sai a jawo ta biyu: "Ka gode wa Allah da ka samu, masu digiri nawa ne ke yawo da takardu?" Ta uku ita ce babbar, "Yi haƙuri." Haƙuri halin ƙwarai ne, amma an mayar da shi kaya mai tafiya hanya ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Ban taɓa jin an ce wa mai kamfani ya yi haƙuri da ribar bana ya ƙara ma'aikaci ɗaya ba. Addinin da muke jingina da shi wajen neman haƙurin, shi ne kuma ya ce a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, ya ce kada a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in an ɗora a kama masa. Wannan ɓangaren ba a cika karanta shi a taron ma'aikata ba.

Kuma kada in tsame kaina. Baba bai taɓa tura saƙon dare ba, ni ne mai turawa, don a ce mataimaki yana da himma. Da gaskiyar masu cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ga kuma doka, wadda galibinmu ba mu taɓa buɗewa ba. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Ta ce wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba, kuma a kowane kwana bakwai yana da yini guda cur na hutu. Bayan shekara ɗaya yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, da kwana goma sha biyu na rashin lafiya idan likita ya tabbatar. Mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta. Lauyoyi za su ce an tsara dokar ne domin masu aikin ƙarfi da ƙananan akawu, su ƙwararru takardar yarjejeniyarsu ce ke magana. To, mu ai ko takardar ba mu bayar ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ma ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa cikin abubuwan da ake iya neman diyya a kansu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma na san inda ake tsayar da lissafi a ƙasa da haka da gangan, sauran a kira su masu taimako.

Zan yi wa masu wuraren aiki adalci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa a jigace yake. Dizal ya yi tsada, iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, mai shago yana kallon kaya suna kwana. Ba kowane ne zai iya ƙara albashi gobe ba. Amma nawa ake kashewa wajen barin waya ta huta bayan sallar isha'i? Faransa tun 2017 ta wajabta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da ba za a neme su da saƙon aiki ba. Mu ba ma buƙatar majalisa kafin shugaba ya riƙe yatsansa. Nawa ake kashewa wajen kiran mutum ofis a yi masa gyara, maimakon a tsinka shi a gaban ɗalibai ko masu sayayya? Jadawalin hutu a manne a bango, kowa ya san watansa, takarda ɗaya ce.

A ma'aikatun gwamnati abin ya ɗauki wata kama. Za ka shiga ofis mai mutum goma, biyu ne ke aikin, sauran suna hirar siyasa, kuma duk fayil ɗin da ya shigo teburin biyun nan yake sauka saboda "su ne ba sa ƙi". Ranar ƙarin girma ko tafiya kwas kuwa sai a tuna da ɗan wane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A asibitoci kuma kowane likita ko nas da ya tattara ya tafi Saudiyya ko Ingila, kason aikinsa kan waɗanda suka rage yake komawa, sannan mu marasa lafiya mu fito muna cewa nas-nas ba su da tausayi. Wasu ba su da shi, gaskiya ne. Wasu kuwa yana nan da farko, kwanan asibiti ne ya cinye shi.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne kafin ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu mai zuwa, wadda marigayi Abubakar Rimi ya fara mayar da ita ranar hutu a Kano a 1980, ka tura wakilinka ya bar filin fareti da jawaban manya. Ya zaga Jekadafari da Pantami da Bolari, ya shiga gidajen mai, makarantun kuɗi, shagunan magani da gidajen burodi. Kada ya tambayi albashi, an sha tambaya. Ya tambayi yaushe rabon mutum da hutun kwana uku a jere, ko yana da takardar ɗaukar aiki, da abin da ke faruwa ranar da ya kwanta ciwo. Ya sakaya sunayensu, don kada a kore su. Sannan ya wuce wurin shugabannin ƙungiyar ƙwadago na jiha da jami'an ma'aikatar ƙwadago ya ji yaushe rabon su da leƙa irin waɗannan wurare.

Malamar nan ba ta dawo ba bayan an sallame ta daga asibiti. Cikin mako biyu muka ɗauki mutum biyu a gurbinta, kuɗin da aka ce babu sai ga shi ya fito. Bara na gamu da ita a babbar kasuwa tana sarin atamfa. Ta rusuna ta gaishe ni kamar babu abin da ya taɓa haɗa mu, ta tambayi iyali. Na ce, "Malama, ba kya kewar aji?" Ta ce, "Ina kewar yaran, Malam. Amma yanzu in na kwanta barci yana zuwa." Na so in nemi gafararta a kan takardar tuhumar nan, sai mai shago ya kira ta a kan canji, ni kuma na tsaya riƙe da leda har ta shige cikin mutane.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mataimakin shugaban makaranta,
Tudun Wada, Gombe.