Kafin mu ji tsoron Pegasus, mu duba a hannun wa wayarmu ta kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a jaridarku domin in tofa albarkacin bakina kan fargabar kutse da leƙen asiri, wadda ta cika hirar fada a nan Tawa.

Tun da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa a 2013 yadda hukumar leƙen asirin Amurka take tattara bayanan wayoyin jama'a, sannan a 2021 labarin Pegasus ya bazu, wato manhajar kamfanin NSO na Isra'ila da ke iya shiga waya ba tare da mai ita ya taɓa komai ba, wasu suka ɗauka cewa kowannenmu ana sauraren sa dare da rana. A ganina an ajiye tsoron a inda bai dace ba. Pegasus kaya ne mai tsada da ake sayar wa gwamnatoci, kuma cikin waɗanda aka gano an bi da shi akwai ƴan jarida da ƴan siyasa da masu fafutuka. Ba wanda zai kashe wannan dukiya don ya ji nawa aka sayar da buhun albasa a Galmi.

Ɓarawon talaka ya fi haka kusa. Gwaggona, wadda ɗanta yake cirani a Abijan, wani ya kira ta cikin ladabi, yana "Hajiya, don Allah", ya ce ya yi kuskure ya tura wasu lambobi shida zuwa layinta. Da yake ba ta karatun boko, sai ta sa jikanta ya karanta masa. Ashe lambobin shiga WhatsApp ɗinta ne. Kafin la'asar WhatsApp ɗin ya koma hannunsa, ya rubuta wa dangi da sunanta cewa tana kwance a asibiti, kuma kafin gaskiya ta fito an aika masa jikka 40. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, amma ina amfanin kwaɗo idan mai ɗaki ya miƙa makulli da hannunsa? Da an sa mata lambar sirri ta biyu, wadda manhajar take bayarwa kyauta, da lambobin nan shida kaɗai ba su ishe shi ba.

Irin wannan sakaci muna yin sa kullum. Muna barin waya a buɗe wurin mai gyara ta kwana biyu, da hotunan iyali a ciki. Yaron da ya buɗe wa dattijo Facebook shi ne yake riƙe da lambar sirrin, sau da yawa ma shekarar haihuwa ce kawai. Kwafin katin ɗan ƙasa kuwa, muna bari a shagon buga takardu kamar ba komai ba ne, alhali da shi ake iya yin rajistar layi da sunan mutum.

Ban ce babu abin lura ta ɓangaren hukuma ba. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, a watan Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba da damar sauraren wasu saƙonni saboda tsaron ƙasa, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi ta intanet. Saboda haka wanda ya yaɗa saƙon murya a zauren WhatsApp na mutum ɗari biyu ya sani ba a ɗakinsa yake magana ba, kuma sau da yawa wani ɗan zauren ne yake fitar da maganar, ba wata na'ura ba.

Roƙona yana ga hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, wadda dokar 2017 ta tanada, da kamfanonin waya: su kai wannan bayani gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Fulatanci, domin gargaɗin da ake turowa da Faransanci a rubuce bai kai kunnen gwaggona ba.

Wassalam,
Wani mai karatunku, daga Tawa