A ba ƙananan harsuna fili a jaridar nan, ga misalin Kemberano

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani yare da ake kira Kemberano, wanda na san da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba. Ana yinsa ne a ƙasar Indunusiya, can yammacin tsibirin New Guinea, a bakin mashigin ruwan Bintuni, yanki ne na fadama da bishiyoyin bakin teku inda mutane ke rayuwa da kamun kifi da garin sago da suke tatsowa daga cikin wani irin icce. Wasu na kiran yaren Weriagar ko Kalitami, sunayen garuruwan masu shi ke nan, kuma a ƙiyasin 1987 masu jinsa ba su wuce 2,500 ba. Wato fa unguwa ɗaya a Kano ta ninka su.

Abin da ya ja hankalina shi ne nahawunsa. Yaren yana raba sunaye gida biyu, namiji da mace, kamar dai yadda muke yi da Hausa, kuma ba mutane da dabbobi kaɗai ba har da abin da ba shi da rai. Ɗafin -i da ake liƙawa a ƙarshen kalma na namiji ne, -o na mace, kuma kalmar da ta zo tana bayanin suna, kamar adadi, dole ta ɗauki ɗafin da ya dace da jinsin sunan. Mu ma ai haka ne, riga fara, wando fari, in ka juya su yaro ma sai ya gyara maka. Su wasalin o ne alamar mace, mu kuma galibi a, amma tsarin tunanin iri ɗaya ne, alhali babu wata dangantaka ko ta kusa ko ta nesa tsakanin harsunan biyu, Hausa 'yar gidan dangin harsunan Chadi ce, su kuma 'yan dangin harsunan Papua ne na kudancin yankin da ake kira Kan Tsuntsu, tare da maƙwabtansu irin su Kokoda da Inanwatan.

Wajen jera jimla kuwa sun saɓa mana, aikatau a ƙarshe yake zuwa, in da Hausa ce sai ka ji an ce Audu kifi ya kama. Bakanuri ba zai ga baƙon abu a nan ba don shi ma haka nasa yake. Wasula biyar gare su, a e i o u, sannan suna da baƙaƙen nan masu farawa ta hanci, mb da nd da ng, da ake furtawa a matsayin sauti guda, irin wanda kunnenmu ya saba ji a bakin Fulani.

To ga inda abin ke damuna. Yaran yankin da Malay ɗin Papua suke tashi, wato yaren gama-gari na can, makaranta da ofis kuma Indunusiyanci, ga kamfanin iskar gas na Tangguh da ya fara aiki a mashigin a 2009 ya jawo baƙi daga ko'ina, kowa sai ya koma yaren da kowa ke ji. Malay kuwa ba ruwansa da jinsi, kalma ɗaya ce ke nufin shi da ita. Duk yaron da ya bar yaren kakarsa ya koma can, wannan tsarin na -i da -o ya tafi ke nan, kuma abin da masana suka rubuta a kan Kemberano ɗan kaɗan ne ƙwarai, 'yan bayanai da jerin kalmomi, gara ma Inanwatan ya samu littafin nahawu a 2004.

Edita, mu Hausawa a nan gida mu ne muke a matsayin Malay ɗin, kuma wallahi ba mu cika son a faɗa ba. Najeriya na da harsuna sama da 500. A jihar Bauchi yaren Ajawa ya mutu tun tsakanin 1920 da 1940, masu shi sun koma Hausa, haka Kubi haka Gamo-Ningi. Ba wanda ya sa musu wuƙa a wuya, kasuwa ce da auratayya da makaranta da gudun kar a ce maka baƙauye. Ina alfahari da yaɗuwar Hausa kamar kowa, amma ba na jin daɗin ganin tsoho yana magana da jikansa da yarensu yaron yana amsa masa da Hausa yana dariya.

Roƙona shi ne ku ware rabin shafi ko da sau ɗaya a wata, a ɗauko ƙaramin yare ɗaya, namu ko na waje, a bayyana sautukansa da yadda yake gina jimla cikin Hausa mai sauƙi. Malaman sashen harsuna na Jami'ar Bayero da ta Maiduguri da ta Jos suna nan, ɗalibansu na rubuta kundaye a kan irin waɗannan harsuna suna ƙarewa a kan kanta. Ku tuntuɓe su, a fara da na Bauchi da Filato tun tsofaffin da suka iya su suna raye.

Naka mai karatu,
daga Bauchi