Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Ƙungiya Na Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata.

Zan fara da maganar kuɗi, domin duk aikin da za ku ji na ce bai kammala ba, daga nan matsalarsa ta taso. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Akwai waɗanda tun kuɗin shiga ba a sake ganin ƙwandalarsu ba, amma su ne kan gaba wajen tambaya a zauren WhatsApp ko an samu labarin gurbin ƙaro karatu. Ma'aji ya bi mutane ofis, ya bi su gida, har wasu suka daina ɗaga wayarsa. Ba wanda bai san halin da ake ciki ba tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mu ma kasuwa ɗaya muke ci da ku. Sai dai abin da muka yanka wa kanmu a wata bai kai kuɗin datar da mutum ke ƙonawa a mako ba.

Tarurrukan wata-wata an yi su, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fitar da mu kunya bana shi ne taron bitar da muka shirya wa sababbin ɗaliban digiri na biyu kan zaɓen fanni. Kun san abin da ya sa muka dage. Ɗalibi ya shigo karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, zango ya ƙare, a ce ya kawo batun kundin bincike, sai ya leƙa na abokinsa. Shi ya sa kusan kowa tsaro yake rubutawa, kuma kusan take iri ɗaya. Ɗakin taro ya cika har aka aro kujeru, wasu tun daga Tambuwal da Gwadabawa suka zo.

Tsohon jami'in harkokin waje da ya buɗe taron ya fara da rage wa yara zumuɗi. Ya nuna musu cewa aikin diflomasiyya yawancinsa rubutu ne: rahoto, wasiƙa, taƙaita zaman da aka yi awa huɗu ana yi a shafi ɗaya. Wanda ya zaɓi fannin dole ya san Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya ciki da waje, kuma ya riƙe harshe na biyu. Daga nan ya juyo gida, ya tuna mana cewa a garin nan na Sakkwato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, a 1824, Waziri Giɗaɗo na kula da baƙon, kuma wasiƙun da Bello ya yi musaya da Shehu El-Kanemi na Borno har yau abin nazari ne. Ya haɗa da watan Agustan 2023, lokacin da ECOWAS ta tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar zuwa Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tambayar da ya bar wa ɗalibai ita ce, me ya sa aka nemi sarauta a inda takunkumi bai yi aiki ba, kuma wa ya zauna ya rubuta wannan da kyau?

A ganina zaman da ya fi amfani shi ne na cinikayya, duk da cewa shi ne fannin da ɗalibai ke gudu saboda lissafi. Jami'in kwastam mai ritaya ne ya jagorance shi, bai kuma wuce Illela, garin da ke kan iyakarmu da Nijar, ba. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. An sake rufewa a 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Kowane karo manomin albasa da dillalin dabbobi ne suka fara ji a jikinsu, tun kafin a yi sharhi a Abuja. Sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar da aka kafa tun 1975. To yaya makomar haraji, da takardun tafiya, da motar da ta ɗauko kaya daga Ƙonni? Ina matsayin Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971? Yaya yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka fara aiki da ita a Janairun 2021, za ta shafi ɗan kasuwar da bai taɓa cike fom ba? Kowace tambaya kundi ce guda, kuma filin binciken yana bakin ƙofarmu.

Malama mai koyar da dokokin ƙasa da ƙasa ta yi bayani da shari'ar Bakassi: hukuncin Kotun Duniya na 2002, da yarjejeniyar Greentree ta 2006 da ta share hanyar miƙa yankin ga Kamaru. Ta kuma yi gargaɗin da ya kamata, cewa fannin ba ya mayar da mutum lauya idan digirinsa na farko ba na shari'a ba ne. 'Yar uwarmu da ke aiki da ƙungiyar agaji ta yi magana kan fannin ci gaba da jin ƙai, ba ta ɓoye komai ba: aikin kwangila ne, kuma tun da Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, a 2025 guraben sun ragu. Wanda zai shiga ya koyi rubuta neman tallafi da bin diddigin aiki. Game da tsaro ba a hana kowa ba, an dai ce a taƙaita tambaya, kuma kada ɗalibi ya zaɓi batun da sai ya shiga daji zai samu bayanai.

Bayan taron ɗalibai da dama sun sauya batu, malaman da ke duba ayyukansu ma sun aiko da godiya. Ku sani, ko sisi bai fito daga asusu ba. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ya samo mana ɗaki kyauta, ruwa da abinci da kuɗin motar baƙi kuwa 'yan kwamiti ne suka yi karo-karo. Allah ya saka musu da alheri.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba. Ajin Faransanci ya tsaya, kuma na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sakaci. Malamin ya koyar har bashinsa ya taru, ya yi haƙuri iyakar haƙuri, sannan ya tafi. Waɗanda suka fi kowa surutu a kafa ajin ba su taɓa zama a cikinsa ba. Abin takaici, duk masu jawabin nan sun nanata cewa Bahaushen Sakkwato da ya ƙara Faransanci a kan Hausarsa ya riga takwarorinsa nisa, domin daga Nijar har Benin da Chadi da Kamaru da shi ake aikin gwamnati.

Ɗan littafin jagora kan fannoni an rubuta shi, an tace, yana cikin kwamfuta. Mai ɗab'i ya ce sai an ba da rabin kuɗi, mu kuwa ba mu da shi. Ziyarar Illela an ɗage ta saboda kuɗin mota, kuma da aka ce kowa ya kawo nasa, sunayen da aka rubuta ba su cika mota ɗaya ba. Ban ga yadda za a ɗora wa shugabanni laifin wannan ba.

Kwamiti ya ba da shawara, kuma ina goyon baya, cewa duk wanda ake binsa kuɗin fiye da wata shida ba zai yi zaɓe ba, ba za a zaɓe shi ba, kuma Shugaba ba zai sa hannu a takardar shaidarsa ba. Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan a zama mai zuwa. Idan kuɗi suka shigo, bashin malamin Faransanci za a fara biya, sannan littafin. Ma'aji zai zo da littafin rajista da rasit, mai ja da lissafinsa ya zo da shaidar biya.

Wassalam.
Sakatare