Ba kullum ne laifin netwok ba, a duba masu haɗa fotal

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da matasanmu masu karɓar aikin haɗa fotal ɗin makarantu.

Ni ɗan shagon kafe gare ni a Jega, cike fom shi ne abincina. Satin da ya wuce wani dattijo ya taho tun daga Aliero da ɗiyarshi za a yi mata rajistar wata makaranta, munka cike suna lafiya lau, munka zaɓi jihar Kebbi, ƙananan hukumomi 21 sunka fito tsaf, rabin fom ɗin na ƙasa ya sabunta kanshi ba tare da shafin ya sake lodi ba, to daga nan fa akwatin ranar haihuwa ya ce bai san zancen ba, kalanda ta ƙi buɗewa, wurin ɗora fasfo shi ma ya mutu murus. Baba ya leƙo ya ce "ɗana ko netwok ne?" Wallahi sabis cike yake, ga janareto na ta shan mai.

Da yake ina ɗan taɓa kodin, na gane ciwon. JavaScript ɗin da ke sa maɓallai aiki sau ɗaya yake gudu, lokacin da shafi ya gama buɗewa. In AJAX, wato dabarar sabunta wani yanki na shafi ba tare da an sake lodi ba, ya ɗauko sabon yanki ya maye tsohon, maɓallan da anka ɗaura ma aiki sun tafi ke nan, sabbin a ido kamarsu ɗaya amma kamar soket ne da anka kafa a bango ba a ja mishi waya ba. Wasu kuma sai su cusa script, wato guntun kodi, cikin sabon yankin ta innerHTML, wata hanyar zuba abu cikin shafi, suna jiran ya tashi, alhali burauza ba ta gudanar da irin wannan, haka dokarta take.

Kuma fa maganin ba sabo ba ne. A ɗaura aikin dannawa a kan babban akwatin da ba ya canzawa, shi zai riƙa ji ma duk maɓallin da ya shigo daga baya, jQuery, wani tarin kodin JavaScript da masu haɗa shafi ke aiki da shi, ta kawo umarnin .on() tun 2011 kuma yana yin wannan. Irin su kalanda kuwa a tara su a fanshin guda, wato dunƙulen kodi mai suna, a riƙa kiranshi duk sanda yanki ya sauya, masu aiki da UpdatePanel na ASP.NET, wato kayan haɗa shafi na Microsoft, ga pageLoad nan ga endRequest, wuraren da za su kira fanshin ɗin. Amma a yi hattara, in kana sake ɗaurawa ba ka kwance na baya ba, dannawa ɗaya sai ta zama biyu, ni da idona na ga sunan yaro guda ya fito sau biyu a wani fotal, da wurin biyan kuɗi ne fa?

Shi Baba sai da munka sake fom ɗin nan sau uku, kafin dabara ta zo mani in fara cike ranar haihuwa da hoto sannan in taɓa jiha. Ana kiran la'asar ya samu silif ɗinshi, kuɗin cike fom ɗaya na karɓa.

Naku,
Wani mai kafe, Jega, jihar Kebbi